Ranar da Na Goya Surukina a Hanyar Gubi

Surukina ba ya ba kowa makullin motarsa. 'Ya'yan cikinsa ma iyakarsu su wanke ta, su goge gilashi, su koma gefe suna kallo ya ja abarsa ya tafi. Tsohuwar mota ce doguwa, mai ruwan ƙasa, mai giyar hannu. Ya saye ta tun yana aikin gwamnati, ya yi ritaya da ita, ta tsufa a hannunsa ba ta taɓa kwana a hanya ba. Lungun gidansa a Ƙofar Dumi, cikin garin Bauchi, ba ya cin mota, saboda haka a bakin lungu take kwana, gindin wata darbejiya kusa da masallaci. Duk unguwar an san ƙarar tashinta. Da gari ya waye za ka ji ta ɗan yi tari ta kama, ka san tsoho ya nufi gonarsa ta Gubi.

Motar nan ita ce ƙafarsa. Da ita yake zuwa gona, da ita yake zuwa ɗaurin aure da suna da jana'iza, da ita yake zagayen dangi ran Juma'a. Mutum ne da ya tsani ya ce wa wani "zo ka kai ni". 'Ya'yansa sun sha yi masa maganar ya huta da tuƙi haka nan, sai ya saurare su tsaf, ya sa musu albarka, gari na wayewa ya ɗauki makullinsa.

Ni kuwa 'yarsa ta fari nake aure. Wanda ya san gidajen cikin gari masu jinin Fulani ya san nauyin wannan magana. Ita kanta ba ya kiran sunanta, balle ni. A bakinsa ita ce "ta Ɗan Iya", ni ne "mutumin Ɗan Iya", don a unguwar Ɗan Iya muke zaune. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in tsuguna a bakin zaure, kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon carbinsa. Lafiya, lafiya, ya iyali, alhamdu lillahi, Allah ya yi albarka, a gaida gida, sai in tashi. Ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. Akwai ranar da na hango shi a kasuwa ina tsaka da cin tsire, na faɗa bayan rumfar mai tumatir da tsinke a hannu, na tsaya can har ya wuce. In akwai maganar gaske tsakaninmu, ta bakin amininsa take bi, wani tsohon tela mai surutu kamar rediyo, wanda kullum shi ne a kujerar gaban motar.

Kar a ɗauka ni mai sanyi ne. A ofis an san bakina, kuma a kan tuƙi musamman ba na raga wa kowa. Duk damina ni ne mai yi wa abokan aiki wa'azi: in ka ga ruwa ya rufe titi, ka yi fakin ka jira, mota ba kwalekwale ba ce, in kuma tsautsayi ya sa ta mutu maka a ciki, kar ka kuskura ka taɓa makulli. Na faɗi wannan magana har wasu suna ƙarasa mini ita kafin in kai ƙarshe.

Abin ya faru ne a tsakiyar marka. An yi rasuwa a wani ƙauye gaba da Gubi, dangin surukata ne, kuma dangin tsohon telan ne ta wani ɓangaren. Tawa motar tana wajen gyaran birki, sai na bi motar haya. Tun hantsi hadari ya haɗu ta kan duwatsu, muna makabarta aka fara yayyafi, kafin a idar da Azahar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗan tsagaita mutanen gari suka fara haramar tafiya. Telan zai kwana a gidan makoki. Ina neman inda zan raɓa, sai na ji muryarsa.

"Ango, zo nan."

Furfura ta fara fito mini, amma a wurinsa har yau ango ne ni. Na je na tsuguna. Surukina yana tsaye gefe da makulli a hannu, yana duban sama.

"Idon mutumin nan da hadari ba sa shiri," in ji telan. "Ba zai faɗa ba, ni na faɗa. Kawo nan, Alhaji." Ya kama makullin. Na zuba ido in ga an fizge hannu, sai na ga yatsun tsoho sun saki. Telan ya danƙa mini. "Ka kai surukinka gida. Ka bi ta da ladabi, ta girmi aurenka."

Wallahi kaina ya kumbura. Ga 'ya'yansa maza a wurin, sun zo a kan babura, suna kallo an tsallake su an ba bare. Tun ban shiga motar ba na fara tsara yadda zan ba matata labari, in yi kamar abin bai dame ni ba.

Tsoho ya buɗe gidan baya ya zauna. Na san don ya rage mana nauyi ne, ni da shi, kar mu jera kafaɗa da kafaɗa. Na shiga na gyara kujera, na ɗaga kai, sai idona ya faɗa cikin nasa a madubin tsakiya. Ya kawar da kai, na kawar. Na ga ba zan iya tuƙi daga nan har cikin gari ina haɗa ido da surukina ba, sai na sa hannu na murɗe madubin ya kalli rufin mota. A raina na ce, ka ga ɗan gidan tarbiyya.

Muka kama hanya shiru. Ba ka jin komai sai waifa tana kai da kawowa. Motar tana warin taki da turaren ɗan goma da ɓawon goro. Kuma gaskiya tana da daɗin tuƙi, giya tana shiga kamar an shafa mata man shanu, sitiyari ba ya wasa. Na tuƙa ta yadda ban taɓa tuƙa tawa ba, kowane rami sai na zagaye shi. In ƙaiƙayi ya kama ni a wuya ma ba na sosawa.

Akwai wani wuri kafin a shigo gari inda titi yake gangarawa, da kwalbati a ƙarƙashi. Da rani ko lura da shi ba ka yi. Ran nan kuwa babu titi babu kwalbati, sai jan ruwa yana tsallake hanya daga hagu zuwa dama, ɗauke da karan masara da leda da silifa wari guda. Motoci sun yi fakin ta kowane ɓangare, masu keke napep sun jeru, 'yan acaɓa sun kafe babura suna hira, ɗaliban jami'a sun ɗora jakunkuna a ka suna shawarar ko su taka. Wani mutum ya ɗaga mini hannu.

"Alhaji, a dakata ya janye."

Na rage gudu har na kusa tsayawa. Da ni kaɗai ne, da na yi fakin na sayi gasasshiyar masara. Da telan yana nan, da tuni ya ce, "Ango, gefe." Da mahaifina ne a baya, da na waiwaya na ce, "Baba, mu jira?" Shi ke nan maganar, ba ta da tsawo. Amma ni tun da na shiga gidan nan ban taɓa fara wa surukina magana ba in ba gaisuwa ba, kuma harshena ya ƙi ya fara ran nan. Na kasa kunne ko shi zai ce wani abu. Sai na ji ya yi gyaran murya. Na rasa ko "tsaya" yake nufi, ko "me kake jira", ko kuwa sanyi ne kawai ya kama masa maƙogwaro.

Kuma in faɗi abin da ya fi tsorata ni. Ba ruwan ba ne. Na hango mu ne a fake a gefen titi, gilashi a rufe, ni da shi mu kaɗai, shiru, har ruwan nan ya ga dama ya janye. La'asar za ta riske mu, sai na nemi buta, sai na zagaya bayan wata bishiya yana kallo, sai mun yi alwala gefe da gefe. Yunwa za ta zo, ba ni da halin ci, shi ma ba shi da hali. Wannan zaman ya fi mini ruwan ban tsoro nesa ba kusa ba. Ana cikin haka wata a-kori-kura ta kutsa ta tsallake lafiya, ruwa iya tayarta. Ban tsaya na duba cewa ta fi tamu tsayi ba. Na sa giya ɗaya, na yi bisimilla, na shiga.

Da farko kamar abin arziki. Ruwa yana bugun ƙasan mota, tana tafiya, har na fara jin ni wani ne. Mun kai tsakiya ke nan sai wata tifa ta danno daga ɗaya ɓangaren, ba ta ko rage gudu ba. Ruwan da ta turo ya taso ya hau kan bonet, ya watsu a gilashi, na daina ganin komai. Inji ya yi karkarwa, ya shaƙe, ya yi shiru. Sai na ji sanyi a tafin ƙafata.

Daga bakin ruwa aka ɗauki ihu.

"Kar ka tayar! Malam, kar ka taɓa makulli!"

Na ji su sarai. Na kuma san dalili, ni da nake koya wa wasu. Injin da ya shaƙi ruwa, in aka bar shi aka jawo shi aka tsiyaye, sau da yawa yakan tashi. In ka murɗa makulli kuwa, ƙarafan ciki za su yunƙura su tarar da ruwa ya cika wurin iska, ruwa kuma ba ya matsuwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe ko ya karye. Duk na sani. Amma abin da ke kaina a lokacin shi ne in fitar da mu kafin tsohon nan ya gama ganin abin da na yi. Hannuna ya tafi da kansa. Inji ya yi wani nishi, sannan na ji ƙwas, ƙara guda mai nauyi daga can ciki, motar duka ta girgiza.

A bayana, can ƙasa-ƙasa, na ji an ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ruwa ya fara shigowa ta ƙofofi, ya rufe tabarmar ƙasa, ya kama hawa. Sai na ji bayan motar yana zamewa a hankali ta inda ruwan ya nufa. Allah ya saka wa 'yan acaɓan nan da alheri, su ne suka faɗo ruwa suka dafe ta, wasu ta gefe wasu ta baya, suna kiran junansu.

"Fito da tsohon tukuna!" in ji ɗaya.

Babbar riga ba ta shiga ruwa. Na tuɓe ta, na cire hula da takalmi, na naɗe wando har cinya. Na fito daga ni sai singileti, tumbi a gaba, a gaban mutumin da bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Ruwa ya kama ni iya cinya, sanyi kamar ƙanƙara, yana ja. Na dafa mota na zagaya na buɗe ƙofar baya. Yana zaune ya ɗaga ƙafafunsa kan kujera, ya tattare farar rigarsa a cinya, takalmansa a hannu. Na tsaya kamar gunki.

"Goya babanka mana, me kake jira?" in ji wanda ke kusa da ni.

Na ce, "Surukina ne."

Wani ya ce subhanallahi, wani ya tuntsire da dariya duk da halin da ake ciki. Na kusa da ni ya daka mini tsawa: "To surukin ba mutum ba ne? In muka saki motar nan ta tafi da shi. Juya, Malam!"

Na juya baya, na rusuna a bakin ƙofa har ruwa ya taɓa mini ƙirji. Na jira. Ban san tsawon jiran ba, amma na san shi ma yana can yana yaƙi da abin da nake yaƙi da shi. Can sai na ji tafin hannu a kafaɗata, sannan ɗayan.

Ban zaci haka yake da rashin nauyi ba. Mutumin da in ya yi tari gida yake yin tsit, ashe duk riga ce. Gemunsa yana taɓa mini wuya, ina jin numfashinsa yana karanto addu'a, takalmansa suna bugun ƙirjina. Na rasa inda zan riƙe. Kama cinyar suruki ba abin da aka koya mini ba ne, amma in ban kama ba zai zame, sai na kama. Na riƙa jan ƙafa a ƙasa ina laluben kwalta. Da na ɗaga ido sai na ga wayoyi a sama, jere a bakin ruwa, kowa yana ɗauka. Kusa da gaci ƙafata ta faɗa wani rami, na tangaɗa, ya ƙanƙame wuyana har na shaƙe. Na ce, "Sannu, Baba." Ya ce, "Yauwa." A lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige, in dai za ta bari in sauke shi tukuna.

Na ajiye shi a bencin wani mai shayi. Na tsuguna cikin taɓo a gabansa, ruwa yana zuba daga jikina, na buɗe baki ban sami komai ba sai wani sannun. Bai dube ni ba, kuma na san don ya rufa mini asiri ne, tunda ba riga a jikina. Motarsa yake kallo. Sun turo ta waje, aka buɗe ƙofofi, jan ruwa ya kwararo da dardumar sallarsa da tocila da wani ƙullin irin wake. Wani mai keke napep ya ce zai kai shi gida. Haka Ƙofar Dumi suka ga abin da ba su taɓa gani ba, tsoho ya sauko daga keke, riga jiƙe, ba mota. Ni na tsaya har janwe ta zo ta ja motar zuwa gareji.

Bakanikensa wani mutumin kudu ne da ya daɗe a Bauchi, mai sanƙo. Washegari ya kwance fulogi, ruwa ya fito, ya zuƙo baƙin mai, ya fito kamar kunun gyaɗa. Ya buɗe inji ya daɗe yana kallo.

"Oga, inji ya tafi," ya ce. "Ƙarfe ya karye, ya fasa gefe. Ni na riƙe wannan mota tun ina da gashi a kai." Ya goge hannu da tsumma. "Irin wannan inji, yanzu babu shi a kasuwa. Sai an nema."

Ba abin da ya faɗa da ban riga na ji da kunnena a cikin ruwa ba.

Kafin in koma gida hoton ya riga ni. Ƙannen matata, waɗanda dama abokan wasana ne, suka same ni kamar an aiko su. "Yaya, ashe kai direban jirgin ruwa ne ba mu sani ba?" "Yaya, nawa ne goyo daga Gubi zuwa Ɗan Iya?" A da ni ke cinye su da baki. Ran nan ko tari na kasa. A ofis kuma wani ya tare ni da wa'azina, kalma bayan kalma, har da yadda nake ɗaga yatsa. Na yi masa tatas, na kusa cin kwalarsa, ya tsaya yana kallona don ya san ba shi nake jin haushi ba. Matata ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta kalli hoton sau ɗaya, ta ga ubanta a goye, ta ajiye wayar ta shiga ɗaki. Da ta fito abin da ta ce kawai shi ne, "Yanzu da me zai je gona?"

Na ɗauki baffana muka je ba da haƙuri, don irin wannan ba a zuwa shi kaɗai. Na tsuguna a bakin zaure, baffa ya yi bayani mai tsawo, telan yana gefe. Tsoho ya saurara yana jan carbi. Da aka gama ya dubi amininsa ya ce, "Gaya wa mutumin Ɗan Iya mota ƙarfe ce. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kar in ƙara jin maganar." Na aika masa da tawa motar ta hannun babban ɗansa, ya yi amfani da ita kafin a gyara tasa. Kafin Magariba aka dawo da ita da godiya. Telan ya ce mini kar in sake, mutumin nan ba zai yarda a ce ya ba da 'ya ya karɓi mota ba.

Shi telan ne ya ƙarasa ni, wata rana da na raka shi bakin titi.

"Ango, wa ya juya madubin motar nan sama?"

Na ce ni ne.

"To. Tun daga saman gangaren yake ɗaga maka hannu ka tsaya. Ya ce har ya gaji ya sauke."

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce, "To shi Baba bakinsa ciwo yake? Kalma ɗaya fa! Ya ce tsaya, shi ke nan!"

"Ya ba ka makulli a gaban 'ya'yansa, sannan ya koya maka tuƙi a gaban 'yan acaɓa? Ya ce ai ka ga abin da ya gani." Ya gyara hularsa. "Kai naka bakin ina ka ajiye shi?"

Na kwana biyu ina jin haushin tsohon, ina jin haushin kunyar nan tamu da take ɗaure bakin manya biyu har ruwa ya ci su. Haushin bai daɗe ba, don na ci gaba da zuwa gaisuwa, kuma ina ganin abin da ke faruwa. A da in ka je da hantsi ba ka samunsa. Yanzu kowane lokaci yana nan, a kan buzunsa a zaure, ƙafa a miƙe, rediyo a gefe. Ya gwada hawa keke zuwa gona, girgizar ta hana shi barci saboda ciwon gwiwa, bai ƙara ba. 'Ya'yansa suka ce za su riƙa kai shi a babur, ya ce su je aikinsu. Noma na biyu 'yan ƙwadago suka yi ba mai gona a kansu, ciyawa ta cinye rabin masarar. Aka yi ɗaurin aure a dangi, ya aika da wakili. Aka yi rasuwar wani abokin aikinsa na da, ya yi masa addu'a daga zaure.

Ni kuwa na zama ɗan neman inji. Na je Jos, na je Kano, na shiga rumfunan 'yan gwangwan ina leƙen gawarwakin motoci. An kawo wani, aka ɗora, ashe shi ma mataccen ne. Bakaniken ya yi ta buga waya garinsu. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka kawo wa tsoho abin da ya samu a buhuna har zaure, ya sa hannu ya damƙi ƙwayar ya duba ya mayar. Sai bayan nan aka dace da wani inji mai rai. Na tsaya a gareji a kansa, aka wanke tanki, aka canja wayoyin da ruwa ya ci, aka shanya kujeru, aka sake tabarmar ƙasa. Ran da ta tashi, bakaniken ya ɗaga hannu sama ya yi godiya da yarensu, ni kuma na juya baya don kar ya ga idona.

Da safe muka kai ta bakin lungu. Ban yarda na tuƙa ba, shi ya tuƙo, ni na biyo a baya. Jama'ar masallaci suka fito, maƙera da masu shaguna suka leƙo, ana ta barka. Aka shiga aka gaya wa tsoho. Ya ɗan jima kafin ya fito, kuma da ya fito sai na ga sanda a hannunsa. Ban san yaushe ya fara dogara ta ba, tunda kullum a zaune nake samunsa. Na tuɓe takalmi na tsuguna daga gefen motar.

Ya zagaya ta a hankali, ya shafa bonet. Telan ya buɗe masa ƙofa ya karɓi sandar. Ya zauna, ya ɗago ƙafar hagu da hannu biyu ya shigar. Ya murɗa makulli, ta kama nan take, murya tas. Mutane suka ce masha Allah. Na ga gefen fuskarsa ya saki, har haƙoransa suka ɗan fito.

Sai ya taka kuloci. Daga inda nake tsugune ƙafarsa nake gani, daidai idona. Ta sauka rabi ta tsaya, tana rawa. Ya ja giya, ta yi kururuwa ta ƙi shiga. Ya saki, ya numfasa, ya sake takawa, wannan karon ya ɗora tafin hannu a kan gwiwa yana dannawa da ƙarfin kafaɗa. Gumi ya tsatso masa a goshi. Giya ta sake kururuwa. Cikin masu barka wani ya tuna yana da aiki a shago, wani ya duƙa yana gyaran takalmi. Bakaniken ya buɗe baki zai ce ko a sassauta kulocin, telan ya girgiza masa kai, don duk mun ga ba daga motar ba ne.

Ya bar injin yana aiki na ɗan lokaci, hannunsa biyu a kan sitiyari, yana kallon titi. Sannan ya kashe. Ya zare makulli ya miƙa wa telan, ya karɓi sandarsa, ya fito da ƙafar yadda ya shigar da ita.

"Gaya wa mutumin Ɗan Iya aiki ya yi kyau," ya ce. "Ya sha wahala. Allah ya yi masa albarka."

Aka ce amin, ni ma na ce, don dole in ce. Na so a ce zagina ya yi, ko sau ɗaya, ko a gaban mutanen nan ne, da na sami abin da zan riƙe. Ya kama lungu yana dogara sanda, telan yana biye da shi da makulli a hannu ya rasa aljihun da zai sa. Bai ce a gaida gida ba. Har ya shige zaure ina tsugune a gindin taya, ban sami wanda zai ce mini in tashi ba.